Ganin Hannun Baba Mangwiro

Jaka ɗaya ce a kan cinyata. Riguna uku, wando biyu, takardar digiri a cikin leda, maganin hawan jinin Amai, mahaifiyata, na wata uku, dala ɗari huɗu cikin safa, da karta sabuwa da ban ɓare ba. Abin da na dawo da shi ke nan bayan shekara shida a Saifurus.

Da bas ta wuce Marondera na sake karanta saƙon mahaifiyata. "Ran Litinin za su zo su kwance injin." Ranar Asabar ce.

Injin niƙan masara ne, shi kaɗai mahaifinmu ya bari. Da shi Amai take ci. Yayana Chenjerai, Mukoma kamar yadda nake kiransa, ya ajiye makullinsa a teburin karta, surukinsa Baba Mangwiro ya ɗauka. Iyakar abin da na sani ke nan.

A Saifurus lissafi na karanta. Kuɗin makaranta kuwa daga gidan caca suka fito, inda na yi shekara huɗu ina raba karta. Mai rabo ba ya wasa. Kallo yake yi, kuma na kalli mutane da yawa suna talaucewa.

Chenjerai ya tare ni a tashar Rusape. Ya rame. Ya karɓi jakar bai dube ni ba.

"Ka yi fari, Ngoni."

"Kai ka yi baƙi, Mukoma. Ina makullin?"

"Ka bari mu isa gida."

Mun sami Amai zaune a kan buhu a ƙofar ɗakin injin. Ƙofar na kulle da kwaɗo, mata biyu sun juya da masararsu a ka. Na durƙusa na tafa hannu na gaishe ta. Ta shafa kaina sau ɗaya, ta karɓi maganin, ta ce, "Kai da ka yi karatu, faɗa min. Wane irin wasa ne ya cinye min inji?"

Na ɓare kartar na shimfiɗa a kan buhu.

"Sunansa foka, Amai. Kowa a ba shi kati biyu, ya ɓoye. Sai a buɗe biyar a tsakiya, na kowa da kowa: uku a tare, sannan ɗaya, sannan ɗaya. Da naka biyu da na tsakiya za ka haɗa biyar mafi kyau. Kafin kowace buɗewa, da bayan ta ƙarshe, ana zuba kuɗi."

"Dole?"

"A'a. In wani ya zuba, zaɓinka uku. Ka bi, wato ka zuba daidai nasa. Ka ƙara, ya zama shi zai bi ka. Ko ka ajiye kartarka, ka haƙura da abin da ka riga ka zuba."

"Wa ke ci?"

Na jera mata. Biyu iri ɗaya sun fi kati tilo komai girmansa. Biyu-biyu sun fi su. Uku iri ɗaya sun fi biyu-biyu. Sama da su biyar a jere, kamar huɗu zuwa takwas. Sama da jere, biyar masu zane ɗaya, misali duk zuciya. Sannan uku da biyu a haɗe, sannan huɗu iri ɗaya, sai jere mai zane ɗaya, wanda a shekara huɗu sau shida na gani.

"Amma akwai wata hanyar ci," na ce. "In kowa ya ajiye ya bar ka, kuɗin naka ne, kuma ba wanda zai ga abin da ka riƙe. Ko wofi ne."

Amai ta juya ga Chenjerai. "Kai me ka riƙe?"

Ya ce, "Sarauniya uku."

Na ce ya ba ni labarin tun daga farko. Ya ce kuɗin da ke gabansa sun ƙare a kati na huɗu, Baba ya zuba ɗari shida, shi kuma ya ajiye makullin a madadinsu. Aka buɗe na biyar. Baba ya ƙara dala ashirin.

"Ba ka da ashirin?"

"Ina da talatin a aljihu."

"Mukoma, dala ashirin. A tsakiya akwai sama da dubu da injin Amai, kana riƙe da sarauniya uku."

"Ya dube ni ya ce, 'Mukwasha, so kake ka buɗe hannun ubanka?'" Chenjerai ya goge fuska. "Uban matata ne, Ngoni. In na bi na ƙarshe, dole ya buɗe. In ya buɗe babu komai, na ce masa maƙaryaci ke nan a gaban mutane. Har yau da sauran shanu biyu na auren Netsai da ban kai ba. Da wane ido?"

"Wa ya taɓa bin sa a na ƙarshe?"

"Ba a yi."

"Tun yaushe kuke wasan?"

"Shekara uku."

Amai ta gyara zama a kan buhun. Ta san abin da yake nufi, ni ma na sani. Mukwasha, mijin 'ya, ba ya zama a kujera in suruki na tsaye, ba ya musa masa, ba ya kallonsa cikin ido. Ƙanin mukwasha ma mukwasha ne. Dokar ta hau kaina kamar yadda ta hau kansa.

Na tattara kartar. "Gobe kai za ka raba. Ni zan zauna."

"Ngoni, kada ka kashe min aure."

"Ka raba kawai."

Ranar Lahadi bayan coci ake yi, a ɗakin da ke bayan shagon naman Baba Mangwiro. Rana na shigowa ta taga ɗaya, ƙudaje na bin warin jini. Muka durƙusa a bakin ƙofa muka tafa hannu har ya ga dama ya amsa. Ƙaton mutum ne mai ƙananan hannaye. Makullin na gabansa a kan tebur, da jar wayar da mahaifinmu ya ɗaura masa.

"Ga Baturenmu ya dawo," ya ce. "Mukwasha ƙarami, me ka kawo wa ubanka? Ƙanƙara?"

"Gaisuwa na kawo, Baba. Da ɗan abin da zan yi asara, in an ba ni kujera."

Ya yi dariya. Mutum biyu ne tare da shi. Ticha Gwenzi, tsohon shugaban firamare, sa'ansa kuma abokin wasansa, shi kaɗai ke iya tsokanarsa. Sai Pedzisai, mijin babbar 'yarsa, wanda ya yi dariyar tare da shi ya kuma daina tare da shi.

Na roƙi a bar ni in zauna a hagun Baba, wai don in koya. Ya ji daɗi. Gaskiyar ita ce magana hagu take zagayawa, na hagunka bayanka yake magana. Wanda ya yi magana a ƙarshe ya riga ya ji na kowa. A foka kujera kan fi kati.

Chenjerai ya raba. Canji ba ya samuwa, don haka murfin kwalba ke tsayawa a dala ɗaya, sauran kuma tsofaffin takardun dala ne masu laushi kamar tsumma.

Bakwai da biyu. Na ajiye. Tara da huɗu. Na ajiye. Sarki da uku, na ajiye. Sabon ɗan wasa gani yake kowane kati biyu na iya zama wani abu. Suna iya zama, amma cikin goma bakwai ko takwas asara suke zama.

"Digirin ajiye karta ka yi?" in ji Ticha Gwenzi. "Mangwiro, wannan yaron kuɗin jirgi kawai aka ɓata."

"Ƙyale shi, ladabi ne. Ba irinka ba da ka tsufa ba ka koya ba."

"Ni na koyar da ladabi shekara talatin, ban ga ya saya min mota ba."

Ina ajiyewa ina kallo. Pedzisai na shiga kowane zagaye, yana bi, yana bi, ba ya taɓa ƙarawa. Ticha na son hira fiye da kuɗi; da an zuba abin da ya wuce ashirin sai ya ce gwiwarsa na ciwo ya ajiye. Baba ne aikina.

Cikin awa ɗaya ya ci sau tara. Sau uku ya buɗe kartarsa da kansa, ba wanda ya tilasta masa, ya buga ta a tebur yana cewa, "Ku gani, ku koya." Duka ukun hannu ne mai ƙarfi, kuma duka ukun kaɗan-kaɗan ya riƙa zubawa, bakinsa a rufe, kamar mai tsoron kada tsuntsu ya tashi. Sauran shidan kuwa da yawa ya zuba a kati na ƙarshe, ya jingina da kujera, ya kira sunan dangantaka. "Mukwasha, me ka ce?" Pedzisai ya tafa hannu sau biyu ya ajiye. Baba ya tura kartarsa a kife ƙarƙashin sauran.

Shida ba hujja ba ce. A aji da an kore ni da irin wannan lissafi. Amma ita ce abin da nake da shi.

Na fara shiga. Duk lokacin da na shiga ƙarawa nake yi, ba bi ba, kuma a kan Pedzisai da Ticha. In Baba ya matsa sai in kauce. Sau ɗaya na ajiye masa biyu-biyu masu kyau, na tafa hannu kamar kowa. Chenjerai ya saki numfashi har na ji. Dala sittin na bari a wurin, kuma ban ɗauke su asara ba: ina so ya tabbata ni ma irin su ne.

Wajen ƙarfe uku Netsai, matar yayana, ta shigo da sadza, tuwon masara, da gasasshen nama. Ta durƙusa ta zuba wa mahaifinta ruwan wanke hannu, sannan mu. Da ta zo kaina ta kira ni yadda ake kiran ƙanin miji, ta ce a hankali, "Babamunini, ka ci ka tafi gida." Na wanke hannu na fara ci. Ba ta fita ba, ta tsaya jikin ƙofa da tire a hannu.

A lokacin abin da ke gabana ya kai ɗari shida da ɗoriya. Baba ya lura. Ya daina tsokana.

Chenjerai ya raba. Na ɗaga gefen kartata: as, kati mafi girma, da goma. Baba ya zuba goma, na mayar talatin. Pedzisai da Ticha suka ajiye. Baba ya bi.

Aka buɗe uku: goma ta zuciya, shida ta zuciya, da biyu baƙa. Ina da goma biyu, su ne mafi girma a tebur. Baba ya ƙwanƙwasa tebur, wato ya wuce bai zuba ba. Na zuba arba'in. Ya bi da sauri, bai ko sake duba kartarsa ba.

Na huɗu: sarki baƙi. Ban so shi ba. In yana da sarki ya wuce ni. Ya ƙwanƙwasa, na ƙwanƙwasa.

Na biyar: huɗu ta zuciya.

Zuciya uku ke nan a tsakiya. Duk mai zuciya biyu a hannu ya haɗa biyar masu zane ɗaya. Mai sarki ma ya fi ni. Goma biyun da suka yi kyau ɗazu yanzu ba su fi ƙarfin komai ba sai ƙarya.

Baba ya suɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya goge da tsumma. Ya ɗauki makullin ta jar wayar, ya lilo da shi, ya sake shi a kan kuɗin tsakiya.

"Na san abin da ya kawo ka," ya ce. "Ga shi. Shi, a kan duk abin da ke gabanka." Ya jingina da kujera. "To, mukwasha ƙarami. So kake ka buɗe hannun ubanka?"

Firjin shago na ƙara ta bayan bango.

Ba a tambayar ko hannunka na da kyau. Abin tambaya shi ne nawa za ka biya, nawa ke tsakiya, kuma sau nawa cikin goma kake da gaskiya. Zan biya wajen ɗari biyar da hamsin. A tsakiya akwai ɗari da arba'in da injin da ya fi ɗari shidan da aka yi masa kuɗi nesa ba kusa ba. Ko sau huɗu cikin goma nake da gaskiya, bi ya fi ajiyewa. In kuma na faɗi, na tashi babu inji, babu kuɗin mota zuwa Harare.

Na sake bin zagayen a kaina. Mai zuciya biyu zai bi arba'in ɗin nan da sauri, haka ne. Wannan ya dame ni. Amma Baba in ya sami abin da yake jira, lallaɓawa yake yi, ba ya korar mutum. Sau uku na gani. Kuma ya kira ni mukwasha.

Sai dai ya san dalilin zuwana. Mutumin da ya yi shekara uku yana cin surukansa ba wawa ba ne. Yana iya yiwuwa yau ya riƙe zuciyoyin, ya kuma faɗi kalmar da gangan.

"Ngoni," in ji Chenjerai.  "Ka tafa."

"Yi wa ƙaninka magana," in ji Pedzisai. "Ba Turai ba ne nan."

Ticha Gwenzi ya cire tabarau yana gogewa. 

Na dubi hannun Baba, ba fuskarsa ba, don ba a kallon suruki cikin ido. Ya ɗora tafinsa a kan kartarsa, ya riga ya matsar da ita kaɗan wajen sauran da ke kife, inda shida na baya suka tafi.

Na sauka daga kujera na durƙusa. Na tafa hannu sau biyu yadda aka koya mana. Chenjerai ya rufe ido don sauƙi. Baba ya miƙa hannu zai jawo kuɗin.

"Baba, ku gafarce ni," na ce. "Na bi."

Na tura duk abin da ke gabana, har murafun kwalba. Na buɗe as da goma.

Hannunsa ya tsaya a iska. Tiren Netsai ya bugi ƙofa.

"Goma biyu," in ji Ticha a hankali. "Mangwiro, yaron ya bi ka da goma biyu. Buɗe mu gani."

Baba bai dube shi ba. Ni ya duba, ya daɗe. Ina durƙushe, idona a kan takalminsa. In zuciyoyin ne, yanzu zai buga su a tebur ya ce mu gani mu koya.

Ya ɗauki kartarsa biyu, ya cusa su a kife tsakiyar sauran, ya cakuɗa da hannu ɗaya.

"Ba na buɗe wa yaro hannu," ya ce.

A doka wanda aka bi ya ƙi buɗewa ya faɗi. A doka kuma ina da ikon in ce sai na gani. Ban ce ba. Ba ganin kartarsa na zo yi ba. Na ɗauki makullin na rataya a wuya, na tattara kuɗina, na bar murafun kwalba a wurin.

"Chenjerai," in ji Baba, ba mukwasha ba. "Ɗauki wannan ka fita da shi. Kada ɗayanku ya taka min ƙofa sai an wanke abin da aka yi yau. Netsai, kwashe kwanukan."

Muka fita da baya, muna tafawa. Ba a amsa ba.

Da muka wuce layin dogo Chenjerai ya juyo gare ni.

"Ka san abin da ka yi?"

"Na sani."

"Zai iya riƙe Netsai a gidansa."

"Zai iya. Me ake kaiwa in an ɓata wa suruki?"

Ya yi tafiya kaɗan. "Akuya. Da dattijon da zai yi magana a madadinmu."

"Nawa akuya?"

"Arba'in. Hamsin in mai ƙiba ce." Ya tsaya a tsakiyar hanya. "Shi ke nan abin da za ka ce? Nawa akuya?"

"Ticha Gwenzi zai yi mana magana. Ya ji daɗin yau fiye da kowa."

"In da yana da zuciyoyin fa?"

"Da na yi asara. Da kuma bin daidai ne duk da haka."

Bai gane ba, ban kuma ƙara bayani ba.

Amai na nan a kan buhunta. Ta ga jar wayar a wuyana, ta dubi fuskar Chenjerai, ta haɗa sauran da kanta. Na buɗe kwaɗon. Ɗakin na warin gari da baƙin mai. Na duba bel, na duba mai, na tayar da injin ya yi minti ɗaya, na kashe. Lafiyarsa ƙalau.

Chenjerai ya miƙo hannu. "Kawo. Da asuba mata za su fara zuwa."

Na fito, na ja ƙofar, na datse kwaɗon.

"Gobe ni zan buɗe, Mukoma. Jibi mu kai akuya, in durƙusa in ba shi haƙuri yadda yake so. Amma ba zan koma ko'ina ba, kuma makullin nan a wuyana zai zauna."